Suna a Gazet, Bindiga a Daji: Haramta Ƙungiyoyin Tsattsauran Ra'ayi da Abin da Ya Biyo Baya a Ƙasar Yawuri da Gaɓar Tafkin Kainji

Tsakure

Maƙalar nan ta ɗauki umarnin kotu na 2021 da ya haramta 'yan bindiga, da na 2025 da ya haramta Lakurawa, ta auna su da abin da ya faru a Yawuri da Ngaski da Shanga da sauran gaɓar Tafkin Kainji. Ta kwatanta su da yadda Jamus da Birtaniya da Girka suka yi da ƙungiyoyin 'yan Nazi na zamani da masu ƙyamar baƙi. Hujjarta ita ce, haramci makami ne da aka ƙera domin ƙungiya mai suna da shugabanci da asusu, wadda take buƙatar fitowa bainar jama'a. In aka ɗora shi a kan dabobin daji ba ya samun abin kamawa a jikinsu, sai nauyinsa ya sauka a kan mutanen da ke zaune ƙarƙashin bindigarsu.

Gabatarwa

Ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga a kan babura suka faɗa wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, a ƙaramar hukumar Ngaski, suka kashe ɗan sanda, suka kora ɗalibai da malamai fiye da 80 zuwa daji. Yaran kachallan 'yan bindiga Dogo Giɗe ne, kuma shi kansa bai ɓoye ba. Wata biyar bayan haka, ranar 25 ga Nuwamba, Mai shari'a Taiwo Taiwo na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya ayyana "'Yan Bindiga" da "'Yan Ta'adda" da duk masu kama da su a matsayin haramtattun ƙungiyoyin ta'addanci. Ofishin ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ɗan jihar Kebbi, shi ya shigar da buƙatar, aka kuma buga umarnin a gazet, wato jaridar hukuma, a farkon Janairun 2022. Cikin laifukan da aka lissafa wa kotu har da kwashe ɗalibai daga makarantu da sace mata domin a aurar da su, abin da ake yi wa 'yan matan Birnin Yawuri ke nan a daidai wannan lokaci. Amma 'yan mata 11 suka ci gaba da zama a hannun mutumin da doka ta riga ta kira ɗan ta'adda har cikin 2023. Da suka fito ma, iyayensu ne suka buɗe gidauniya, suka bi masu hannu da shuni, aka yi ciniki, aka riƙa sako su kaɗan-kaɗan, waɗansu da goyo a baya.

Ba mai musun cewa wanda ya yi wannan aiki ya cancanci sunan da kotu ta ba shi. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce, mene ne takardar haramci take iya yi da kanta, a kan wa take ci, kuma wa ke biyan kuɗinta idan ba ta ci a kan wanda aka nufa ba.

Inda makamin ya samo asali

Ƙasar da ta fi kowa gogewa a wannan fanni ita ce Jamus, saboda tarihinta da 'yan Nazi. Sashe na 9 na kundin tsarin mulkinta ya hana duk ƙungiyar da ke neman rushe tsarin mulki, dokar ƙungiyoyi ta 1964 kuma ta ba ministan harkokin cikin gida ikon rusa irin wannan ƙungiya. A ranar da aka sanar da haramcin, 'yan sanda kan yi wa gidajen shugabanni dirar mikiya da asuba, a kwashe kwamfutoci da kuɗi da tutoci, a rufe asusu, a hana ɗaga tambarin ƙungiyar, a kuma mai da kafa wata a madadinta laifi. Haka aka yi wa ƙungiyar 'yan Nazi ta Blood and Honour a 2000, haka aka yi wa Combat 18 a Janairun 2020 bayan kisan ɗan siyasar nan Walter Lübcke. Abin lura shi ne kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana buƙatar wani abu da za a kama: gida mai adireshi, asusun banki, jerin sunayen mambobi, zauren da ake taro. Akwai kuma birki. Jam'iyyar siyasa ba ta haramtuwa sai a kotun tsarin mulki ta Karlsruhe, kuma sau biyu kacal ta taɓa yin hakan, a 1952 da 1956. Yunƙurin haramta jam'iyyar NPD ya rushe a 2003 saboda an gano 'yan leƙen asirin gwamnati sun cika shugabancinta, ya sake rushewa a 2017 da kotu ta ce manufarta ta saɓa wa tsarin mulki amma ba ta da ƙarfin cim ma ta. A Yunin 2025 kotun da ke Leipzig ta soke haramcin da gwamnati ta ɗora wa mujallar Compact shekara guda kafin nan. Wanda aka haramta yana da inda zai kai ƙara, kuma wani lokaci yakan yi nasara.

Darasi mafi amfani gare mu daga Jamus yana cikin abin da haramci bai taɓa ba. Mutum uku da suka kira kansu NSU sun shiga ɓuya a 1998, suka kashe mutum goma tsakanin 2000 da 2007, akasarinsu 'yan asalin Turkiyya, ba a kuma san da su ba sai 2011. Ba su da ofis, ba su da rajista, ba su neman ƙuri'a, ba su yin maci. Ƙasar da ta fi kowa iya haramta ƙungiya ba ta da abin da za ta haramta a jikinsu.

A Birtaniya, an haramta ƙungiyar 'yan Nazi ta National Action a Disambar 2016, sai ga ta ta dawo da sunayen Scottish Dawn da NS131, aka sake bin waɗannan da haramci a Satumbar 2017. Abin da ya karya ta daga bisani shi ne shari'o'in da suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, inda masu bincike suka riƙa tono saƙonnin waya suna tabbatar wa kotu cewa wane ya ci gaba da zama mamba, har aka ɗaure waɗanda suka kafa ta, da wani soja, da wani ɗan sanda. Makircin kashe 'yar majalisa Rosie Cooper kuwa wani ɗan cikin gida ne ya tona shi. A Girka ma ba a bi ta hanyar haramta jam'iyyar Golden Dawn ba. Golden Dawn ta shiga majalisa a 2012, aka kashe mawaƙi Pavlos Fyssas a 2013, aka yi shari'ar da ta ɗauki shekara biyar da rabi, kotu ta yanke a Oktobar 2020 cewa shugabanninta na tafiyar da gungun masu laifi ne, aka ɗaure su. Duk da haka a zaɓen Yunin 2023 wata jam'iyya da ɗaya daga cikin ɗaurarrun ya mara wa baya daga kurkuku ta ci kujera 12. Ko a inda hukuma ke da ƙarfi, suna yakan mutu mutanen su sake riga, kuma abin da ke rage musu ƙarfi shi ne aikin ɗan sanda mai bincike da lauyan gwamnati da alƙali.

Yadda Najeriya ta ɗauko shi

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan hanya. Gwamnatin Shagari ta haramta ƙungiyar Maitatsine a ƙarshen 1982 bayan rikicin Bulumkutu da na Rigasa, sai ga Jimeta a 1984, ga Gombe a 1985. A Agustan 2009 'yan sanda suka tarwatsa matsugunin Darul Islam kusa da Mokwa, kudu da tafkin nan, aka loda dubban mutane a motoci aka mai da kowa jiharsa, ba tare da wani tsari na sanin inda suka ƙare ba. Dokar hana ta'addanci ta 2011, wadda aka gyara a 2013 aka kuma maye gurbinta a 2022, ita ta kawo tsarin da ake bi yanzu: gwamnati ta kai buƙata gaban alƙalin Babbar Kotun Tarayya, a saurare ta ita kaɗai ba tare da ɗaya ɓangaren ba, a ba da umarni, a buga a gazet, daga nan zama mamba ko ba da taimako ya zama laifin da ɗaurinsa kan kai shekara 20. Ta haka aka haramta Boko Haram da Ansaru a Yunin 2013, IPOB a Satumbar 2017, Harkar Musulunci ta Shaikh Zakzaky a Yulin 2019, 'yan bindiga a 2021, Lakurawa a Janairun 2025.

In aka jera waɗannan za a ga wani abu mai ɗaure kai. Haramcin ya fi ciwo a jikin waɗanda suke da fuska a gari. Harkar Musulunci tana da makarantu da muzahara da tattaki, don haka umarnin 2019 ya ba 'yan sanda hujjar tare ta duk ranar da ta fito titi, alhali ita ce ƙungiyar da aka fi jayayya a kan ko ta cancanci sunan, musamman da kotun Kaduna ta sallami jagoranta a Yulin 2021. Boko Haram kuwa, wadda babu mai jayayya a kanta, ta kwashe 'yan matan Chibok wata goma bayan haramta ta, ta kama ƙananan hukumomi a 2014. Ma'ana, makamin yana ci daidai gwargwadon yadda ƙungiya ke buƙatar sararin da doka ke iko da shi. Wanda ya riga ya bar wannan sarari ya shiga daji, an kore shi ne daga gidan da ba ya ciki.

Umarnin 2021 ya ƙara wata matsala a kan wannan. "'Yan bindiga" kalma ce ta bakin jama'a da gidajen rediyo, kamar "ɓarayin daji". Ba wanda ya taɓa kafa ƙungiya ya sa mata wannan suna. Abin da ke akwai dabobi ne masu yawa, kowace da kachallanta, suna haɗuwa don babban hari su watse, suna kuma kashe juna a kan shanu da mata da iyakar daji. Dogo Giɗe da kansa ya yi suna ne da kashe wani kachalla, Buharin Daji, a 2018. Da kotu ta haramta sana'a a madadin ƙungiya, sai ya zama babu shugaban da za a kama ƙungiya ta faɗi, babu asusun da za a rufe tun da kuɗin fansa a buhu ake kai shi tare da babura da katin waya, babu kuma rajistar da za ta nuna wane mamba ne wane ba mamba ba. Shaida mafi ƙarfi a kan yadda takardar ta kasa sauya lissafin masu mulki ta zo ne a Yulin 2022, wata shida bayan gazet, ranar da Sarkin 'Yandoton Daji a Zamfara ya naɗa kachallan 'yan bindiga Ado Aleru Sarkin Fulani a bainar jama'a, yaransa suka cika gari a kan babura. An dakatar da sarkin, amma ba wanda ya kama Aleru a wurin naɗin, kuma zaman sulhu da waɗanda doka ta kira 'yan ta'adda ya ci gaba a ƙananan hukumomi da yawa na Arewa maso Yamma.

Tafkin da dajin

Don me abin ya fi tsanani a wannan yanki? Amsar tana cikin taswira. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da fadamun Gungawa da Kambari da Lopawa da sauransu, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Tafkin ya haura murabba'in kilomita 1,200, gaɓarsa cike da tungayen masunta waɗanda da yawansu sai da kwale-kwale ake isa. Jihar Neja ta yi wa masarautar Yawuri ƙawanya: Rijau da Magama ta gabas, Agwara da Borgu a tsallaken ruwa. Bayan Borgu ga gandun dajin Kainji mai faɗin sama da murabba'in kilomita 5,000, wanda ya dangana da jihar Kwara, ya kuma kusanci iyakar Jamhuriyar Benin. Mai ɗauke da bindiga na iya ratsa ikon kwamishinonin 'yan sanda uku cikin kwana biyu. Wanda ke son ganin ƙarancin idon hukuma a kan ruwan nan ya tuna jirgin da ya nitse kusa da Wara a Mayun 2021, makonni uku kafin harin Birnin Yawuri, ɗauke da mutum fiye da 150, ba wanda ya ƙirga su kafin su tashi. Hukumar da ba ta san mutum nawa suka hau jirgin kasuwa ba, da wuya ta san bindiga nawa suka tsallaka da dare.

Ansaru ta nuna abin da wannan giɓi ke haifarwa. An haramta ta tun 2013, ta yi shiru, ta sake ɓulla a dazukan Birnin Gwari, daga baya wani reshe da jama'a ke kira Mahmudawa ya kafa sansani a gandun Kainji, yana wa'azi a ƙauyuka, yana karɓar haraji, yana yanke hukunci tsakanin manomi da makiyayi. A Oktobar 2022 aka kai hari barikin Wawa kusa da New Bussa, inda ake tsare da waɗanda ake zargi da ta'addanci. A 2024 cibiyar bincike ta Clingendael da ke ƙasar Holan ta fitar da rahoto a kan yadda masu iƙirarin jihadi ke zirga-zirga tsakanin gandun da arewacin Benin. Sai a Agustan 2025 mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya sanar da kama shugabannin Ansaru, Abu Bara'a da Malam Mamuda, shekara goma sha biyu bayan haramcin, kuma aikin leƙen asiri na watanni ne ya kawo kamun. Wata uku bayan nan, a Nuwamban 2025, aka kwashe 'yan mata 25 a makarantar Maga da ke Danko-Wasagu, a cikin makon kuma aka kwashe ɗalibai fiye da 200 a makarantar St. Mary ta Papiri a Agwara, tsallaken ruwa daga ƙasar Yawuri.

Wa takardar ke kamawa

A nan gaɓar tafkin ne Najeriya ta yi gwaji mafi girma na abin da ke biyo bayan haramci, kuma ba a cika tuna hakan ba. A Oktobar 2017 aka buɗe kotuna na musamman a barikin Wawa domin shari'ar mutum 1,669 da ake tsare da su bisa zargin Boko Haram. A zaman farko aka ɗaure 45, aka sallami 468. A zama na biyu, Fabrairun 2018, aka ɗaure 205, aka sallami 526. Waɗannan alƙaluma kaɗai sun isa hujja: a kan kowane mutum ɗaya da aka samu da laifi, kusan huɗu ne aka saki bayan shekaru a tsare. Ƙungiyar Human Rights Watch, wadda ta sa ido a kan waɗansu daga cikin shari'o'in, ta nuna cewa mafi yawan tuhume-tuhumen na ba da taimako ne, kamar sayar da abinci ko gyaran abin hawa ko wanki ko rashin kai rahoto, kuma sau da yawa babu wata shaida sai furucin wanda ake tuhuma. An bar jaki ana dukan taiki.

A ɗauko wannan ma'auni a kawo shi tungayen Ngaski da ƙauyukan Shanga. Mai jirgin da aka tsare da bindiga aka ce ya tsallakar da mutane da baburansu, mai shagon da aka aiko wa da jerin kayan da zai kai bakin daji, mai garin da ya tara harajin da aka yanka wa ƙauyensa don a bar su su girbe gero, uban da ya sayar da gona ya kai kuɗin fansa, dukansu a harafin doka sun taimaki haramtacciyar ƙungiya. A Afrilun 2022 Majalisar Dattawa ta ma amince da gyaran da ya tanadi ɗaurin shekara 15 ga mai biyan fansa, a lokacin da 'yan matan Birnin Yawuri ke cika wata goma a daji. Sakamakon da ya fi muni shi ne shiru. Mutumin da ya fi kowa sanin inda daba take shi ne wanda aka tilasta wa yi mata hidima, kuma shi ne wanda in ya je ofishin 'yan sanda zai fara da amsa laifin kansa, in ya dawo gida kuma ɓarayi su yanka shi a matsayin mai kai rahoto, ko 'yan sa-kai su kashe shi da sunan infoma. Birtaniya ta tsira da ran 'yar majalisarta ne domin ɗan cikin gida ya sami ƙofar fita. Tsarinmu ya toshe irin wannan ƙofa ga talakan da bai ma taɓa shiga ƙungiyar ba.

Su 'yan sa-kai kuwa, in ana neman abin da ya fi kusa da rundunonin ƙyamar wata ƙabila irin na Turai a ƙasar Hausa, to a cikin wani ɓangare nasu za a same shi, kuma dole a faɗi wannan da adalci. Mutane ne da suka tashi kare garuruwansu inda hukuma ta gaza, sun kuma ba da jini: fiye da 60 aka kashe a kwanton ɓauna ɗaya a yankin Sakaba a Maris na 2022. Amma a cikinsu akwai waɗanda suka mai da kowane Bafulatani abin yanka a kasuwa, wannan kuwa ya tura matasan rugage da dama hannun kachalloli. Bayan kisan da 'yan sa-kai suka yi a kasuwar Mamande da ramuwar gayyar da ta biyo baya a kasuwar Goronyo a Oktobar 2021, Gwamna Tambuwal ya haramta su a Sakkwato. Abin da ya biyo baya shi ne, buƙatar da ta haife su ba ta gushe ba, har jihohi suka dawo suna kafa rundunoninsu da albashi da kaki, Katsina a 2023, Zamfara da Askarawanta a farkon 2024. Ko wannan ya gyara halin ko ya ba shi lasisi ne, ya dogara ga ko za a riƙa gurfanar da askarin da ya yi kisan gilla, amma ko ba komai an yarda a aikace cewa haramci bai cike gurbin ba.

Abin da za a iya cewa a kan wannan hujja

Mai suka na farko zai ce haramcin bai zo don ya rusa daba ba, ya zo ne don ya kwance wa soja hannu. Akwai gaskiya a nan, Malami da kansa ya danganta umarnin da samun damar amfani da jiragen Super Tucano da aka sayo daga Amurka. An kuma kashe manyan kachalloli tun daga lokacin, irin su Halilu Sububu a Satumbar 2024. Sai dai wannan amsa ta yarda da rabin hujjar maƙalar nan, domin ta mai da umarnin kotu takardar izinin ruwan wuta, alhali dokar da aka yi amfani da ita dokar gurfanarwa ce. Kuma idan ma'anar "ɗan ta'adda" ta zama duk wanda ya yi kama da ɗan bindiga, matuƙin jirgin da ke kallon ƙasa daga sama ne ke fassara ta. Mutanen ƙauyukan Silame da aka kashe ranar Kirsimetin 2024, a farmakin da aka ce Lakurawa aka nufa, su ne suka biya kuɗin irin wannan fassara.

Na biyu zai ce Lakurawa dabam suke: suna da suna, da aƙida, da shugabanci, da alaƙa da mayaƙan Sahel, don haka haramcin da Mai shari'a James Omotosho ya bayar ya dace da su. Na yarda ya fi dacewa da su a kan 'yan bindiga. Amma tarihinsu yana nuna inda matsalar take. Sun zauna a Tangaza da Gudu tun wajen 2018, da farko da yardar waɗansu shugabannin yankin da ɓarayin shanu suka addaba, 'yan sanda kuma a lokacin suka ce makiyaya ne masu wucewa. Sai da suka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024 aka ɗauke su da muhimmanci. Shekara shida suna sayar wa ƙauyawa abin da hukuma ba ta kawo ba, wato kariya daga ɓarayi da hukunci mai sauri, kafin su juya su zama abin tsoro. Takardar da ta zo bayan haka ihu ne bayan hari, kuma ba ta hana wata al'umma a gaɓar Kainji yin irin cinikin da Tangaza ta yi ba, tun da Mahmudawa da irin wannan hajar suka shigo.

Na uku, wanda ya fi nauyi, zai ce kwatanta Yawuri da Jamus zalunci ne, kuma in aka bi wannan hujja har ƙarshe sai a ce kada a haramta kowa. Ba haka nake nufi ba. Haramci yana da amfani na gaske a kan mai wanke kuɗi a birni, da dillalin makamai, da mai sayen zinaren da aka haƙa ƙarƙashin ikon daba, da ɗan siyasar da ke ɗaukar nauyinta, domin waɗannan su ne masu adireshi da asusu da mutuncin da za su yi asara. Su ne ɓangaren harkar da ya yi kama da abin da aka ƙera makamin dominsa. Kwatancin da Jamus ya nuna inda ya kamata a nufa da shi ne, kuma ƙasar da ake haƙar zinare kamar Yawuri tana da dalilin matsa wa hukuma ta bi wannan sawu.

Masunta a tafkin nan sun san wani abu game da hani wanda Abuja ba ta koya ba. A shekarun 1990, lokacin shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi a Kainji, dokokin jihohin Neja da Kebbi sun hana jan taru mai ƙananan idanu da ke share 'ya'yan kifi. Da aka ga ba ma'aikatan da za su tsare ruwa mai wannan faɗi, sai aka bi ta hannun sarakuna da sarakunan ruwa da wakilan masunta, aka haɗa hanin da lasisi da rajistar jirage, domin su ne suka san wa ke da wane jirgi da inda yake kwana. Bindiga ba taru ba ce, kuma Sarkin Ruwa ba zai tari mai AK-47 da sanda ba. Abin da ake buƙata daga gare shi sani ne, kuma ba zai bayar ba sai doka ta bambanta wanda aka tilasta da wanda ya sa kansa, a rubuce, yadda ɗan sandan da ke tashar jirgin Yelwa ko ta Wara zai san cewa mai jirgin da ya zo da bakinsa ya ce an sa shi tsallakar da mutane jiya da dare shaida ne, a ɓoye sunansa, a kuma tura wanda zai kwana a tungarsa kafin labari ya koma daji.